Abin Da Aka Tono A Kufan Daudu

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na cika zagin Lauwali, na ji ku. Ni ban fara zaginsa ba tukuna, abin da ya aikata kawai nake faɗa muku.

Waɗanda suka shigo yau kuma, kada ku dame ni da tambaya, ga inda muke. Shekarar 1977 ce, cikin bazara, a wani kufai da ke bayan Gwiwa. Alhaji Lauwali, ma'aikacin ofis a Kazaure, ya ce kufan da rijiyar da ke gefensa na kakansa Daudu ne, wanda ya yi jakadanci a fada. So yake ya kewaye wurin da waya ya kawo tarakta. Hamma kuwa da mahaifiyarsa Adda Saude a nan rugarsu take tun kafin a haifi shi Hamman, kuma rijiyar nan ita kaɗai ce ruwan shanunsu da rani. Dagaci Na'Allah ya yanke cewa a tona kufan kwana uku. In an sami shaidar cewa wurin na Daudu ne, su Hamma su tashi. In la'asar ta kwana na uku ta yi ba a samu ba, Lauwali ya haƙura har abada.

To yau ne kwana na ukun.

* * *

Azahar ta wuce, ramuka sun kai goma sha, ba abin da aka samu sai dutsen niƙa guda da ɓaraguzan tukwane. Lauwali na zaune a kujerar ƙarfen da ya zo da ita a but ɗin Fijonsa, farar shadda ta sha guga, ya toshe hanci da hankici wai warin kashin shanu na hawar masa kai. Mutumin da a gidan ubansa awaki ke kwana a bakin ɗaki fa.

Halliru, wanda aka ɗauka aikin haƙan, ya miƙo hannu daga cikin rami.

"Yallaɓai, ga wani abu."

Ɗan dunƙulen yumɓu ne baƙi, da huda a tsakiyarsa. Lauwali bai yarda ya taɓa shi da fatar hannu ba, da hankici ya karɓa. Ya juya shi, ya ɗaga shi sama, ya gyara tabarau.

"Ranka ya daɗe, ka gani ko?" ya ce da dagaci. "Ƙwayar carbi ce, irin ta manyan mutane. Dama an ce kakana ba ya rabuwa da wuridi."

Adda Saude na zaune a kan tushen tsamiya, sandarta a tsakanin ƙafafunta. Ta haura tamanin, amma idonta garau yake. Ko kusa da abin ba ta zo ba.

"Kan mazari ne," ta ce.

"Me?"

"Kan mazari, na kaɗi. Kakan naka zare yake kaɗawa?"

Mutanen ƙauyen da suka zo kallo suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Lauwali ya wurgar da abin.

"Ke tsohuwa, ba da ke nake magana ba."

Ku ji fa. Matar da ta yi jika da shi, ita ce "ke tsohuwa". Ba Inna, ba Goggo. Boko dai ya yi, tarbiyya ce ba a koyar a inda ya je.

Ba a jima ba Halliru ya sake fito da wani. Wannan ɗan kaskon ƙarfe ne kamar tafin hannun jariri, da doguwar ƙafa mai tsini, tsatsa ta cinye gefensa. Lauwali ya miƙe tsaye don murna.

"Yawwa. Gidan tawada. Jakada ai ba ya rasa abin rubutu. Ranka ya daɗe, a rubuta wannan."

"Aci-balbal ce," in ji Adda. "A soke ƙafar a ƙasa, a zuba man kaɗe, a murza tsumma a kunna. Kowace bukka akwai irinta. Ta uwata ma ta fi wannan kyau."

Dagaci ya yi gyaran murya. "Alhaji, gaskiyarta. Fitila ce."

Wannan karon ba wanda ya danne dariyar. Har Halliru daga cikin rami sai da haƙoransa suka fito.

Hamma dai bai yi dariya ba. Yana tsaye a bayan mahaifiyarsa, sanda a kafaɗa, idonsa na kan inuwar tsamiya yana auna ta. Saura kaɗan la'asar. In aka kai haka, rijiya ta zama tasu, ba mai sake tayar musu da hankali.

Lauwali ma ya ga inuwar. Shi ya sa ya rasa abin yi sai baki.

"Ranka ya daɗe, wai me ya sa ake barin Fulanin daji suna tsoma baki a maganar gado? Mutanen da ba su da tushe. A bayan saniya aka haife su, a bayan saniya za su mutu. Tambaye ta inda kabarin kakanta yake ka ji in ta sani."

"Alhaji, a yi a hankali," in ji dagaci.

"Ba wani a hankali. Ni jikan Daudu ne. Wanda in ya shigo ƙauye, irin uban wannan tsohuwar ke tuɓe takalmi tun daga nesa, su zube a ƙasa suna goga goshi. Alfarma aka yi musu aka bar su suka zauna, yanzu sun ga wurin kwana."



Adda ta ɗago kai a hankali.

"Uban wa ka ce?"

"Ubanki. Ko kurma ce ke?"

"Ubana ne zai zube wa Daudu?"

Hamma ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Inna, ki ƙyale shi. Dubi inuwa. Ki ƙyale shi don Allah."

Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta dafa sanda ta miƙe, ƙashin bayanta na ƙara.

"Inna."

"Matsa min."

Ta ratsa ta tsakanin ramukan nan tana duban su ɗaya bayan ɗaya, tana taɓe baki. Duk a tsakiyar kufan aka haƙa su, domin Lauwali ya ce a nan soron kakansa da turakarsa suke. Ta wuce su duka, ta nufi bakin rijiya. Daga nan ta juya gabas, ta ƙirga taku bakwai irin nata na tsufa, ta ƙara biyu, sannan ta soka sanda a ƙasa.

"Kai mai haƙa, zo nan."

Halliru ya dubi dagaci. Dagaci ya gyaɗa masa kai.

"A nan?" Lauwali ya kwashe da dariya. "A bakin rijiya, inda shanu ke fitsari? Nan ne mazaunin jakada?"

"Kwana uku kana neman soro," in ji Adda. "Daudu bai taɓa kwana a soro a wurin nan ba. Nan ne bakin ƙofar bukkarsa. Haƙa, ɗan nan."

Halliru ya shiga haƙa. Ƙasar wurin ta daskare saboda takun shanu, sai da ya sa dagi. Rami ya kai idon sawu. Ya kai ƙwauri. Hamma na tsaye zufa na zuba daga haɓarsa, bakinsa na motsi ba a jin me yake cewa. Da rami ya kai gwiwa, sai dagin ya bugi wani abu ya yi ƙwal.

"A hankali," in ji Adda. "Tukunya ce a kife. Kar ka fasa."

Haka kuwa aka yi. Halliru ya share ƙasar da hannu, gindin baƙar tukunya ya bayyana. Ya zagaye ta da yatsu, ya ɗaga. Da ya ga abin da ke ƙarƙashi sai ya ja da baya, ya ce innalillahi a ƙasan maƙoshi.

Lauwali ya manta da shadda, ya manta da hankici. Ya dira cikin ramin da takalminsa mai sheƙi, ya ciccibo abin da hannu biyu. Sandar ƙarfe ce mai kauri, tsawon kamu ɗaya, da zobba biyu manya a jikinta, ɗaya a kowane gefe.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Kayan doki. Likkafa ce. To, masu dariya, ina dariyar? Wane Bafulatanin daji ne yake da likkafa?"

Dattawan wurin duk sun gane abin, kowa ya kawar da kai. Dagaci ya kafa wa yatsun ƙafarsa ido. Shi kuwa jikan jakada, wanda ko jaki bai taɓa hawa ba a rayuwarsa, yana ta ɗaga ƙarfe yana nuna wa jama'a.

"Ka tabbata na kakanka ne?" Adda ta tambaye shi.

"Na rantse da Allah nasa ne."

"Maimaita, dagaci bai ji ba."

"Na ce na Daudu ne, uban ubana."

"Yana amfani da shi?"

"Kullum. Mutumin da ba ya sauka daga kan doki?"

"Wannan kam ka yi gaskiya," in ji Adda. "Shekara biyu bai rabu da shi ba. Da shi yake kwana, da shi yake tashi."

Lauwali ya tsaya yana kallonta.

"Mari ne, yaro. Na ƙafa. Irin wanda ake sa wa bawa in ya cika gudu."

Sai da ƙarfen ya kusa faɗo masa a kan yatsu.

"Ƙarya kike."

"Ranka ya daɗe, ƙarya nake?"

Dagaci ya numfasa. "Alhaji, mari ne. Na ga irinsa ina yaro."

"Ko mari ne, ai na wani ne. Wa ya ce na kakana ne?"

"Kai ka ce," in ji Adda. "Har da rantsuwa."

Ta matso kusa da ramin, ta tokare da sanda. Yanzu ita ce a sama, shi yana cikin rami, ƙasa ta ɓata masa wando har gwiwa.

"Bari in gaya maka wane ne Daudu, tunda a gidanku ba a gaya muku ba. Ubana ne ya sayo shi, kafin zuwan Nasara, ina 'yar shekara tara ko goma. Dogo, baƙi, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Ko ba shi ba ne?"

Lauwali ya san tabon. Ya sha wasa da shi yana ƙarami a kan cinyar tsohon.

"Sau biyu yana gudu ana kamo shi, shi ne aka buga masa wannan. Lokacin nan babu ruwa a wurin nan, sai mun yi tafiyar rabin yini. Sai ya ce da ubana, in ya fito da ruwa a nan, me za a ba shi? Ubana ya ce kansa. Wata bakwai yana fasa dutse, da marin nan a ƙafarsa, ana zura shi da igiya ana jawo shi. Ni nake kai masa fura. Na ga idon sawunsa, duk ya zama gyambo."

Ta nuna rijiyar da haɓa.

"Ranar da ruwa ya fito, ubana ya kira maƙeri aka cire masa. Aka kife shi da tukunya aka binne a inda zai kafa ƙofarsa, don ya riƙa taka shi kullum in zai fita. Haka ake yi a gidanmu. Kuma ubana, wanda ka ce yana goga goshi a ƙasa, shi ya tsaya a nan ya ce, Daudu, daga tsamiya zuwa duwatsun can, har da rijiyar, na ba ka halak malak."

"Inna," Hamma ya ce da wata irin murya.

Ta ɗaga masa hannu, ba ta tsaya ba. Zuciya ta riga ta ɗebe ta.

"Shekara huɗu ya yi a nan, ya yi aure, matarsa ce mai mazarin can. Sannan ya tafi Kazaure ya shiga barantaka, Allah ya ɗaga shi. Da zai tafi ya ce da ubana, ku shayar da shanunku har ni ko jinina ya dawo. Daudu namiji ne, ban taɓa raina shi ba. Kai ne dai abin raini, da ka zo da mota kana neman soro, ba ka ma san ƙafar da ta haƙa maka ruwan ba."

Dagaci ya gyara zama. Fuskarsa ba ta da daɗi.

"Adda, tsakaninki da Allah. Mahaifinki ya ba Daudu wurin nan?"

"Ya ba shi. Ni ba na ƙarya a kan ubana."

"Kin san abin da maganar nan take nufi?"

"Na sani sarai." Ta juya ga Lauwali tana murmushin mugunta. "Wuri naka ne, jikan jakada. Amma sai ka ɗauki wannan da hannunka, ka kai Kazaure gaban alƙali, a gaban abokan aikinka da surukanka, ka ce ni ne jikan wanda ya ja wannan a ƙafa. In ka iya, mu tashi. In ba ka iya ba, mayar da shi ka kife tukunya, ka shiga motarka, kada mu sake ganin ƙeyarka."

Ku fahimci lissafin Adda, don kada ku ce tsufa ne. A zamanin da ta tashi, mutumin da ke jingine da fada gara ya rasa gona goma da a faɗi wannan magana a kansa a bainar jama'a. Ta sha ganin waɗanda suka bar gari da iyalinsu a kan abin da bai kai haka ba. Ta tabbata ta ɗaure shi ta inda ba zai iya motsi ba. Kuma ba ita kaɗai ba, duk wanda ke wurin haka ya ɗauka. Dagaci har ya fara laluben takalminsa, ya ce da Halliru ya soma cike ramuka. Hamma ma ya ɗan saki numfashi.

Lauwali ya fito daga ramin. Ya daɗe a tsaye da marin a hannu, fuskarsa ta yi toka-toka. Wallahi a nan ko ni na so in tausaya masa, na ɗauka jikinsa ne ya yi sanyi da tunanin tsohon da ya goya shi.

Ashe ba tsoho yake tunani ba.

Ya dubi fadamar da ke gangaren rijiya. Ya dubi duwatsun da Adda ta nuna, ya auna nisansu da ido. Ya juya ya dubi jajayen turakun da masu awon sabon titi suka kafa a gefen kufan tun watan jiya.

"Daga tsamiya zuwa duwatsun can kika ce?"

Adda ta juya ta dubi duwatsun.

"Ni da ma iyakar kufan da rijiyar kawai nake nema. Ashe har fadamar ce."

"Alhaji," in ji dagaci, "ka yi tunani. Sunan gidanku fa."

"Wane suna, ranka ya daɗe?" Ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji. "Alƙali zai rubuta a takarda, a sa a fayil, a rufe. A yi wata biyu ana gulma a kasuwa, a gaji. Ranar da tarakta ta shigo nan, waɗanda suka yi gulmar su za su zo neman aiki. Wa yake tambayar kakan mai gona yanzu?"

Ya taka zuwa mota, ya zaro tsohuwar jarida, ya naɗe marin da ita kamar wanda ya sayo tsire. Ko ƙasar jikin marin bai kakkaɓe ba, ko addu'a bai yi wa mai shi ba. Ya jefa a but.

Adda na tsaye a inda take.

"Ba ka jin kunya?" ta ce.

"Ke da kike ji, me ta tsinana miki?" Ya juya ga dagaci. "Ranka ya daɗe, ka ji shaidarta da bakinta, a gaban jama'a, kafin la'asar. Ko ba haka ba?"

Dagaci ya dubi inuwar tsamiya. Da sauran taku guda.

"Haka ne."

"To a rubuta."

Daga nan ya nufi Hamma, ya tsaya a gabansa, ya sake toshe hanci.

"Kwana bakwai na ba ku. Ku kwashe bukkokinku da tsohuwarku."

Hamma bai dube shi ba. Mahaifiyarsa yake kallo. Shekara hamsin da 'yan kai bai taɓa haɗa ido da ita ba, sai yau.

"Inna," ya ce, "da kin bari inuwar ta ƙarasa."



Daidai nan aka jiyo kukan shanu daga bayan duwatsu. Garken Hamma ne ya taho shan ruwan yamma, sun fi sittin, tun safe ba su sha komai ba. Na gaba har sun fara sassarfa da suka jiyo ƙanshin rijiya.

Lauwali ya kalle su, ya kalli bakin rijiyar.

"Halliru."

"Yallaɓai."

"Kwana bakwan na bukkoki ne, ban da ruwa. Kwance min gugan can ka sa a mota."